Gonar Baba Ta Yi Tsami

Ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya maigidan naki da yara? Yaya ƙafar, an sa ranar aikin kuwa? Allah ya ƙara sauƙi. Inna na gaishe ki, ta ce ta gaji da jin muryarki a waya kamar ta aljana, fuska take son gani. Ni kuwa na zaɓi in rubuto ne domin abin da ke bakina ba na waya ba ne, kin san gidanmu ko bango kunne gare shi.

Wata biyar ke nan da kamfanin sukari ya ɗauke ni aiki a ɗakin gwajin ƙasa. Mu biyu ne a ɗakin, ni da wata dattijuwa da ake kira Goggon Kwalabe, wadda ta fara wanke kwalaben wurin tun ba a haife ni ba, yanzu kuwa ta fi injinanmu sanin ƙasa. Aikina in saɓa ƙarfen haƙa in bi gonakin manoman da ke noma wa kamfani rake, in ɗebo ƙasa a leda, in shanya, in daka, in tankaɗe, in auna. Yayanmu Giwa cewa yake shekara biyar na yi a makaranta don in koyo wasan ƙasa.

Raken bana in kin gan shi sai kin yi ƙwalla. Kin tuna lokacin da muke ɓata a gonar Baba, har sai Inna ta hau tirela tana ƙwala mana kira? Yanzu raken bai wuce kafaɗata ba, ganyen ya yi ruwan ɗorawa, gaɓoɓin gajeru. Na tumɓuke gindi ɗaya, na tarar saiwar ta dunƙule ta yi baƙi kamar yatsun kuturu. Na haƙa rami har gwiwa ban ga tana ko ɗaya ba. Ƙasar nan baƙa mai ƙanshi ta koma ja, in ta bushe sai ki ce siminti.

Akwai ma'aunin da muke gwada tsamin ƙasa da shi. Bakwai ce tsaka-tsaki, abin da ya sauko ƙasa da haka tsami ne, kuma kowane mataki ɗaya ninki goma ne. Goggo ta tono mini tsohon littafin gwajin farko, na shekara talatin da biyu da suka wuce, lokacin da aka fara dasa rake. Gonar Baba shida da rabi ce a lokacin. Yau huɗu da ɗigo uku. Sau uku ina maimaita gwajin, har Goggo ta ce, “Ɗan nan, ko sau ɗari ka wanke kwalbar nan ba za ta yi maka ƙarya don ka ji daɗi ba.”

Ba sammu ba ne, ba kuma lalacin manoma ba ne. Farin takin zamanin da kamfani ke rabawa kowace shekara shi ke barin tsami kaɗan-kaɗan. Raken da ake sarewa yana tafiya da abincin ƙasa, fotash da alli, ba a mayar mata da komai. Ganyen da ya kamata ya ruɓe ya zama taki, wuta ake cinna masa kafin sara. To in tsami ya kai haka, sai wani ƙarfe da ke kwance a cikin ƙasa, alminiyam, ya narke ya riƙa ƙone bakin saiwa. Shi ya sa duk takin da aka ƙara, ciwon yake ƙarawa. Maganin ba ɓoyayye ba ne: a zuba farar ƙasa mai kashe tsami, a huta da rake shekara uku ko huɗu, a shuka wake da gyaɗa, a bar ƙona ganye. Da na yi wa Baba bayani, ya daɗe yana murza ƙasa a tafin hannunsa, sannan ya ce, “Wato shekara talatin muna tatsar saniya, ba mu taɓa ba ta dusa ba.”

Kawu bai yi makaranta ba, amma ya riga ni ganewa. Ya tumɓuke rabin rakensa ya shuka wake. Kin san filin na kamfani ne, sharaɗinsu kuma rake kawai. Ranar Talata da tsakar rana 'yan gadin kamfani suka zo a mota biyu, da shugabansu wanda ake kira Baƙin Gilashi. Suka ɗaure Kawu a tayar tarakta, suka yanko robar ban ruwa suka hau dukansa. Mutum mai shekara sittin da biyar, Yaya! Ina gona ta uku ina haƙa na jiyo ihunsa. Da na iso rigarsa ta manne da bayansa saboda jini. Suka kwance shi, suka sa ya riƙa cizge waken da hannunsa yana rarrafe, in ya tsaya a taka masa yatsu da takalmi. Giwa ya taho a guje da addarsa, sai da ƙarti biyar suka danne shi, suka fasa masa baki da gindin bindiga. Ni kuwa ina tsaye da hular kamfani a kaina, ledar ƙasa a hannuna, ban ce uffan ba.

An ce haƙarƙarin Kawu biyu sun karye. Zan kammala rahotona in kai wa Manaja da kaina. Ina ganin in ya ga alƙaluman zai gane ba laifin kowa ba ne. Ki sa mu a addu'a. Ki gaishe mini da yara, ki ce wa babbar na ga zanen da ta aiko.

Ƙanenki,
Auta

Ranar Alhamis, wajen la'asar

Yaya,

Ina gaishe ki, ina fatan kuna lafiya. Na ji an yi aikin ƙafar an gama lafiya, Allah ya sa ƙarshen wahalar ke nan. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Na kai wa Manaja rahoton mako uku da suka wuce. Ya karanta tsaf har shafin ƙarshe, ya tambaye ni wa ya gani ban da ni. Na ce Goggo. Ya ce, “Ka san tirela nawa ta farar ƙasa za ta ishi kadada dubu huɗu? Kuma shekara huɗun da kake cewa, injinmu wake zai riƙa matsewa?” Ya sa takardar a aljihun tebur ya murɗa makulli, ya ce in je, za a duba.

Bayan kwana goma aka manna sanarwa a ƙofar kamfani. Gonaki arba'in da ɗaya za a karɓe kamfani ya riƙa noma su da injina, har da ta Baba da ta Kawu, wai sakamakon ɗakin gwaji ya nuna masu su sun kashe ƙasar da sakaci. A ƙasan takardar ga sa hannuna, sun ɗauko shi daga rahotona sun liƙa.

Yaya, zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Na ga takardar da safe, mutane sun taru suna karantawa, da na buɗe baki a lokacin da sun ji ni. Amma na hango Baƙin Gilashi jingine da mota yana kallona, na tuna bayan Kawu, sai na sunkuyar da kai na shige ofis. Na ce gobe zan yi magana. Goben nan ta kai kwana goma sha ɗaya.

Kafin in farga magana ta zaga gari, wai ƙarfen da nake hudawa da shi guba nake ɗura wa gonaki don kamfani ya sami hujja. Suka ce ai duk gonar da na taka ita ce a jerin. Gaskiya ne kuwa, tunda da marasa lafiyar na fara. Baba ya yi ta yi musu bayanin tsami, suka ce uba ne, dole ya rufa wa ɗansa asiri. Giwa ya same ni a tsakar gida ina wanke hannu, ya cakumi wuyan rigata ya ɗaga ni sama ya buga da bango, har bokitin Inna ya kife. Ya ce, “Da guminmu aka kai ka makaranta, ashe wuƙa muke wasawa.” Na ce ya saurare ni. Ya ce in ya sake jin na kira shi yaya sai ya zubar mini da haƙora. Inna ta riƙe ƙafarsa tana kuka, sannan ya sake ni.

Yau da hantsi aka kawo katafila don a fara share gonakin. Manaja ya ce in shiga motar 'yan gadi in nuna musu iyakoki. Na shiga, Yaya. Da gonar Kawu aka fara. Manoma sun fi ɗari biyu, kowa da addar saran rake, kuma duk sun ga lokacin da na fito da hannu ta taga na nuna kan iyaka.

Ango, ɗan Kawu, wanda har yanzu bai cika shekara da aure ba, ya fito ya zauna a gaban katafilar ya harɗe ƙafa. Direban ya tsaya, ya kashe inji. Baƙin Gilashi ya ce ya tashe shi, ya ce shi ba zai taka mutum ba. Sai Baƙin Gilashi ya tako da kansa ya ce wa Ango ya tashi, Ango ya tofa masa yawu a takalmi. Ban ga lokacin da ya ɗaga bindigar ba, ƙarar kawai na ji. Ango ya faɗi rigingine, ƙirjinsa a buɗe, ƙafafunsa na shure-shure a cikin ƙura.

Abin da ya biyo baya ban san yadda zan rubuta shi ba. 'Yan gadi suka yi harbi sama suka faɗa motoci, direbanmu ya figa da ni a ciki. Direban katafila kaɗai aka bari. Ta gilashin baya na ga an jawo shi ƙasa ta ƙafa, yana ɗaga hannu yana cewa shi ya ƙi, shi ya ƙi. Addunan suna hawa suna sauka kamar ana saran rake. Mutumin nan tare muke shan shayi kowace safiya, 'ya'yansa huɗu, shi kaɗai ne a cikinmu ya ce a'a, kuma shi aka sare.

Yanzu ina ɗakin gwaji, ban iya komawa gida ba. Goggo ta nuna mini kwafin rahoton da ta ɓoye a ƙasan akwatin kwalabe. Jibi Asabar manoma za su taru bayan makokin Ango. Zan je in tsaya a gabansu in karanta musu shi daga farko har ƙarshe, in gaya musu na yi shiru don tsoro. Abin da za su yi mini su yi. Ki yafe mini, ki kuma yi mini addu'a.

Naki,
Auta

Ranar Litinin, daga gadon asibiti

Yayata,

Gaisuwa da ta'aziyya. Allah ya jiƙan Giwa, ya ba mu haƙurin rashinsa. Kada ki sa wa ranki damuwa don ba ki zo ba, kowa ya san ba ki fara taka ƙafar ba. Yaya jikin? Yaya yara? Kwana uku na yi ina wannan takarda da hannun hagu, sai ki yi haƙuri da rubutun. A waya an gaya miki wuta ce ta ci Giwa, ni kuma na ji rauni a rikici. Ga yadda aka yi.

Ban kai Asabar ba. Washegarin ranar da na rubuto miki, wajen ƙarfe sha biyu, muka ji hayaniya daga ƙofar kamfani. Manaja ya tsere tun safe, 'yan gadi sun ja baya suna jiran 'yan sanda. Mutane suka karya ƙofa, suka cinna wa ofisoshi wuta, sannan wani ya ɗaga murya ya ce a nemo mai guba. Na ce wa Goggo ta fita ta baya. Ta ce shekara talatin da biyu ta ƙofar gaba take shiga ɗakin nan, ta gaba za ta fita.

Suka ɓalle ƙyauren. Suka hau fasa duk abin da ke kan kanta, ma'auni, kwalabe, tulunan gilashi. Wani ya kai wa babbar kwalbar asid sara, ta tarwatse a ƙafafunsa, ya kurma ihu yana tsalle, fatar na saɓulewa. Hayaƙi mai yaji ya cika ɗakin, kowa na tari. Aka buga mini wani abu a ƙeya na durƙusa, aka yi ta ƙwallo da ni tsakanin tebura. A haka na lallaɓa na zaro rahoton daga aljihuna. Da na ɗago, Giwa ne tsaye a kaina, idanunsa jajir, rigarsa har yanzu da jinin Ango, don shi ya ɗauko gawar. Na miƙa masa takardar da hannun dama na ce, “Yaya, karanta! Don Allah karanta!”

Shi ne ya sare ni, Yaya. Sara ɗaya, irin wanda ya yi suna da shi a gona. Ban ji zafi ba da farko. Na dai ga hannuna a ƙasa cikin fasassun kwalabe, yatsun riƙe da takardar. Giwa ya dubi hannun, ya dube ni, addar ta suɓuce masa. Goggo ce ta ture shi, ta finciko robar famfo ta ɗaure mini dantse da haƙoranta da hannunta, tana zagin kowa da uwarsa da ubansa. Likita ya ce ba don ita ba da ban kai asibiti ba.

Sai ga jiniya. 'Yan sanda da 'yan gadi suka shigo da harbi. Mutane suka watse, wajen talatin suka faɗa cikin raken kamfani da ke bayan ɗakinmu. Wannan sabon fili ne, rakensa ya fi mutum tsayi nesa ba kusa ba, ya bushe yana jiran sara. Ina kwance a bakin ƙofa na ji Baƙin Gilashi yana cewa a kawo fetur. Suka cinna wutar ta kusurwa huɗu, daidai yadda ake yi in za a sare rake don kada ta bar ko'ina. Kin san ƙarar rake in yana ci, kamar ana ta harbi. A cikin ƙarar nan ana jin muryoyin mutane suna kiran iyayensu. Goma sha ɗaya ba su fito ba. Giwa ya keto wutar rigarsa na ci, ya faɗa cikin kwatar ban ruwa.

Ɗaki ɗaya aka kwantar da mu, gado biyu ne tsakaninmu. An naɗe shi tun daga kai har cibiya, har idanun. Kwana biyu bai yi magana ba. 'Yan sanda suka zo suka tambaye ni wa ya sare ni, na ce hayaƙi ya hana ni gani. Goggo ma haka ta ce musu. Ta kai wa masu bincike tsohon littafin gwajin, wanda ta fita da shi a cikin zanenta, tare da rahoton duk da jinin da ke jikinsa. An kama Baƙin Gilashi, an dakatar da karɓe gonakin. Ko za a yi adalci, Allah masani.

A rana ta uku da hantsi na ji ya ce, “Auta.” Na roƙi ma'aikaciyar jinya ta tura ni kusa da shi. Muryarsa kamar ana goga ƙarfe a dutse. Ya ce Goggo ta karanta masa takardar jiya, duk da rabi bai gane ba. Ya ce, “Gonar Baba ta mutu ke nan?” Na ce ba ta mutu ba, yunwa ce da tsami, in aka ba ta farar ƙasa da hutu za ta tashi. Ya ce, “To me ya hana ka faɗa?” Na ce tsoro. Can ya ce, “Hayaƙi ya yi yawa, ban tuna ba. Wane hannun ne?”

Na ce masa na hagu ne.

Ya sauke numfashi ya ce, “Alhamdu lillahi. To ka ci gaba da rubutunka.” Ya laluba ya kama hannuna mai lafiya, ya riƙe shi, bai san wanne ne ba. Washegari kafin azahar ya cika.

Inna ta ɗauka wani baƙo ne ya yi mini wannan, kullum sai ta yi masa Allah ya isa, ni kuma in ce ta yafe masa. Matar Giwa da 'ya'yansa mata uku suna gidanmu, ba su san komai ba. Baba kuwa ina jin ya sani. Yakan zo ya zauna a bakin gadona tun safe har azahar, ya dubi dungun hannun, ya dubi gadon da Giwa ya bari, bai taɓa tambayata ba.

Ke kaɗai na gaya wa, don ba zan iya ɗaukarsa ni kaɗai ba. In kin karanta ki ƙona takardar. Ranar da likita ya ce ki taka ƙafar, ki hau mota ki zo, ko da sanda ne. Inna ba ta cin abinci sai an matsa mata, ni kuma ban iya ko ɗaura mata ɗankwali ba.

Ki gaishe da maigidan da yara.

Ƙanenki da ya rage miki,
Auta